Shekarar da Inna Ta Shuka Maganinta

Innata manomiya ce, ba matar manomi kawai ba. In na faɗi haka a birni sai wani ya nemi ya gyara mini magana, ni kuwa ba na son a gyara mini abin da na sani. Mu asalinmu Maguzawa ne, kakanninmu suka shiga coci daga baya, kuma a gidajenmu mace tana da gayaunarta, tana da rumbunta, ba ta jiran kowa ya auno mata. Har mahaifinmu ya rasu ban taɓa ganin damina ta sami Inna a zaune ba.

Gigin tsufa bai zo mata gaba ɗaya ba. Da fari gishiri take zubawa sau biyu a miya, mu ci muna dariya. Daga baya ta fara tambayar inda mahaifinmu ya tafi, in an ce mata ya rasu ta yi kuka sabo, har muka daina faɗa mata. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne fita. Tsohuwar gayaunarta tana tsallaken kwalta, ita kuwa ƙafarta ba ta manta hanya ba, idonta ne ya daina duba mota. Ranar da wani ɗan acaɓa ya kawo mini ita har makarantar da nake koyarwa a Minjibir, zaninta duk ƙaya, na san zaman gida ita kaɗai ya ƙare.

Yayana yana da shago a Kano, ya ce a kai masa ita, yana da ɗaki a saman bene. Na ce masa matar da ta yi shekara da shekaru tana taka ƙasa za ka rataye a sama kamar ƙwaryar nono? Ya yi fushi, na yi fushi, muka kwana biyu ba ma gaisawa, sannan muka shirya a kan gidan Hajiya.

Hajiya tsohuwar nas ce da ta yi ritaya ta dawo ƙauyen mijinta, ba nisa da namu. Gidan babba ne, 'ya'yanta sun watse, sai ta gyara shi ta fara karɓar tsofaffin mata masu irin larurar Inna, waɗanda 'ya'yansu ke wurin aiki. Ba su da yawa, kuma tana da mata biyu manya da ke taya ta. A wajenmu wannan sabon abu ne, kuma na sha magana a kansa. Wata mata ta tare ni a bakin coci ta ce ashe yanzu uwa ma ana kai ta ajiya kamar buhun gyaɗa. Na ce mata ga ɗakin Inna can ba a rufe ba, ta zo ta zauna da ita daga safe zuwa yamma, ni in tafi aikina da kwanciyar hankali. Ba ta zo ba, ba ta kuma sake tare ni ba.

Gidan Hajiya gidan doka ne. Rijiya da murfin ƙarfe da kwaɗo. Murhu yana bayan wata 'yar katanga mai ƙofa, ba tsohuwar da ke zuwa kusa da wuta. Sakatar ƙofar zaure tana can sama, sai ka ɗaga hannu. Tabarmar da bakinta ya fara zarewa ba ta kwana a gidan, domin ita ke harɗe ƙafa. An kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, an shafe tsakar gida da siminti mai kaushi don kada a zame, kowane ɗaki kuma da launin ƙofarsa, na Inna kore. Ma'aikatan lafiya kan zo su duba, amma na lura Hajiya ta fi su tsanani. Kowace doka in ka tambaye ta, akwai tsohuwar da ta gani a asibiti wadda rashin dokar ya kwantar. Nakan tsokane ta in ce gidan nan ko akuya ce ta shigo da gangan don ta karya ƙafa, sai ta koma da ƙafafunta huɗu. Takan ce, "Malama, ki bar ni da akuyata lafiya."

Gaskiya ranin farko na Inna a gidan ya yi mana daɗi. Na koma barci kamar mutum. Ranar Asabar nakan hau babur in je, in same su a gindin darbejiya suna ɓarar gyaɗa, rabi a ƙwarya rabi a baki. Inna ta yi ƙawa, wata tsohuwa Musulma daga wajen Kunci, mai carbi a hannu kullum. Inna tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, ita tana jan carbinta, in sun gaji sai kowace ta ba 'yar'uwarta labarin da ta ba ta jiya, ɗayar kuma ta riƙe baki tana mamaki. Ban taɓa ganin abota mara gundura irin wannan ba. Inna ta yi ƙiba, fatarta ta yi kyau. Wata rana ta gane ni, wata rana ta gaishe ni gaisuwar baƙuwa, kuma na koyi karɓar kowacce da hannu biyu.

Da bazara ta kama sai abu ya canja. Zafi ya yi zafi, hadari ya fara taruwa gabas da yamma yana watsewa, Inna kuma ta daina zama a gindin darbejiya. Sai ta tsaya tsakar gida tana shinshina iska. Hajiya ta kira ni ta ce hawan jinin Inna ya tashi, ya ƙi sauka, alhali ba a fasa ba ta magani ba ko sau ɗaya. Matar da ke raba maganin ta rantse tana sa mata a hannu kowace safiya, Inna ta karɓa da godiya.

Asabar ɗin da ta biyo na yi sammako. Ina zaune a dakali aka kawo wa Inna ƙwayoyinta da kofin ruwa. Ta karɓa, ta kai hannu baki, ta sha ruwan, mai rabon ta wuce ɗaki na gaba. Sai na ga Inna ta buɗe tafin hannunta, ƙwayoyin suna nan, ta ƙulle su a haɓar zani. Ta miƙe ta zaga bayan ɗakuna, na bi ta a hankali.

Can jikin katanga akwai wani siririn fili da ba a shafe da siminti ba, an bar shi don ruwan sama ya riƙa shanyewa. Nan Inna ta tsaya, ta tuɓe takalmi. Ta tona ɗan rami da babban yatsan ƙafa, ta kwance ƙullin, ta jefa ƙwaya, ta rufe da diddige, ta danna, ta yi taku ɗaya gaba. Bayanta a miƙe, idonta ba ya ma kallon ƙasa. Haka ake shuka a wurinmu: namiji yana gaba da sungumi yana saran ramuka, mace tana biye da ƙoƙon iri tana zubawa tana rufewa da ƙafa. Da ta rasa mai sara sai ta haɗa aikin biyu. Kuma tunda ruwa bai sauka ba, binne take yi, irin shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa a jira sama.

Na kira Hajiya, muka tona da tsinke. Ga su nan a jere, fari da ruwan hoda, layi sambal, tsakanin rami da rami daidai kamar an gwada da igiya. Ni dai dariya ta kama ni har na zauna a ƙasa, hawaye na zuba, ban san ko na dariyar ne ko na wani abin ba. Hajiya ko murmushi ba ta yi ba. Ta tsince su tas ta zuba a leda, ta ce kaji suna yawo a nan, jikokin masu ziyara ma suna wasa a nan. Daga ranar ta ce ita da kanta za ta riƙa ba da magani, kuma ba ta ɗaga ƙafa sai ta ga an haɗiye.

Nan aka yi ta. Washegari Hajiya ta miƙa, Inna ta karɓa za ta ƙulle, Hajiya ta ce, "A'a Inna, sha za ki yi." Inna ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Ke 'yar nan, ba a cin iri." Ta damƙe hannu, ta damƙe baki.

Hajiya ta ɗauka maganar ruɗewa ce. Ni na san ba ita ba ce. Ina yarinya an yi wata shekarar yunwa, muka wuni muna cin tafasa da rama ba ko ƙuli, ga zangarniyoyin gero na iri a rataye a rufin ɗakin Inna, manya-manya, muna kallonsu muna haɗiyar yawu. Na taɓa hawa turmi na murzo 'yan ƙwayoyi na watsa a baki. Dukan da na sha ranar har yau ina jin sa in na tuna, bayan ta gama kuma ta zauna ta yi kuka fiye da ni. Ta manta sunan mijinta, ta manta ta haife ni, amma wannan tana nan daram.

Na ce a daka mata a kunu. Hajiya ta ce ɗaya daga cikin ƙwayoyin ba a daka shi, kuma in Inna ta ji ɗaci sau ɗaya za ta bar kunun ma. Ashe ko ba a daka ba zargi ya riga ya shiga. Inna ta fara ture kwano, tana cewa mutanen gidan nan so suke su cinye irin bana. Ta bar ƙawarta, ta koma bakin zaure tana kallon sakata. Cikin ɗan lokaci ƙibar da ta yi ta zube.

Ranar da na sake zuwa Hajiya ta zaunar da ni a ɗakinta. Ta ce ta yi magana da likitan da ke leƙo su. In jinin bai sauka ba kafin zuwansa na gaba, ba ta da ikon riƙe Inna, sai a kai ta asibiti a birni a kwantar. Ta ƙara da cewa ta kira magini ya zo ya shafe filin nan na bayan ɗaki, a huta.

Na san abin da kwantarwa a birni take nufi ga mai irin ciwon Inna: gado mai ƙarfe, baƙin fuskoki, daga nan kuma benen yayana, ba dawowa. Raina ya ɓaci, in raina ya ɓaci kuwa bakina ba ya da linzami.

"Hajiya, kin tsare ta daga rijiya, kin tsare ta daga wuta, kin tsare ta daga mota, na gode. To ɗan tafin ƙasar da ya rage mata a duniya, shi ma laifi ya yi?"

"Malama, in ta faɗi a wurin nan ta karye, ba ke za a tambaya ba."

"In ta mutu a zaune lafiya lau ba ƙwarzane fa, wa za a tambaya?"

Ta juya tana gyara kwalaben da ba su buƙaci gyara ba. Na ji na yi mata tsauri, amma ban janye ba. Na sassauta murya na ce, "Ki ba ta iri na gaske mana. Ki bar ta ta shuka. Mai yiwuwa in ta ga iri ya shiga ƙasa ta bar maganinki ya zama magani."

"Mai yiwuwa," in ji Hajiya. "Da mai yiwuwa kike so in riƙe mai hawan jini?"

Sannan ta fara jero sharuɗɗa, sai na gane ta yarda. Haka take, ba ta cewa to, sai dai ta kafa doka. Iri kada ya zama na kasuwa, wanda ake cuɗawa da jan maganin ƙwari, domin tsohuwa tana iya kaiwa baki, in ba Inna ba wata. Filin a baje shi, a tsince ƙaya da kwalba da tsakuwa. Sungumi ba ya shiga hannun kowace tsohuwa, a hannuna zai zauna, kuma ranar da ya shigo ranar zai fita. Muka ɗan ja a kan takalmi. Ta ce da takalmi, na ce a ina aka taɓa rufe iri da silifa? Ta ce to, amma ita za ta bi filin da tafin hannunta tukuna. Ta kuwa bi, na gan ta a durƙushe, da girmanta da ciwon gwiwarta.

Na je gidanmu, matar ɗan baffana da ke noma gayaunar Inna yanzu ta ciro mini zangarniya biyu daga rumbu, jikokin irin Inna ne ma. Na murje na sheƙe, na zuba a ƙoƙo na kai mata. Ta sa hannu ta ɗiba, ta shinshina, ta ce, "Wannan gero ne." Ta rungume ƙoƙon, ta yarda ta sha kunu ranar. Magani kuwa ta karɓa ta jefa cikin geron, sai da Hajiya ta bari ta yi gyangyaɗi ta tsince. Na ce mu shuka yanzu mana, binne. Inna ta harare ni ta ce iri mai kyau irin wannan ba za ta ba tururuwa ba, sai ruwa ya sauka. Ta binne maganin Hajiya ba tausayi, amma geronta sai da ruwa.

Muka koma kallon sama mu uku. Hadari ya taso ya watse, ya taso ya watse, zuwan likita yana matsowa. Ina aji ina koyar da lissafi, idona yana taga. Hajiya da ba ta da gona ko ta barkono ta fara kirana tana tambaya ko wajenmu an yi yayyafi.

Ranar wata Laraba da hantsi ruwa ya sauko sosai, har ba a jin maganar juna a aji saboda ƙarar rufin kwano. Yana tsagaitawa na roƙi shugaban makaranta, na ari sungumi a gidan maƙwabta, na hau babur da shi a kafaɗa kamar mai zuwa yaƙi. Na isa jagab, laka har gwiwa. Na tarar Inna tana tsaye a bakin filin da ƙoƙonta, ta tuɓe takalmi, ta ɗaure zani tamau. Ba ta gaishe ni ba.

"Sai yanzu? Ƙasa tana shan iska kina ina?"

Na shiga gaba na fara sara. Rabona da sungumi tun kafin in tafi makarantar horon malamai, hannuna ya manta nauyinsa. Ramin farko ya yi zurfi, na biyu ko fatar ƙasa bai cire ba.

"Kabari kike tona mini? Sassauta hannu. Matsa gaba. Kai, wannan yarinya, kina sara kamar mai kashe kunama."

Tana faɗa tana biye, tana zubawa tana rufewa, ko tangaɗi babu. Hajiya tana gefenta taku da taku, hannunta a buɗe bayan Inna ba tare da ta taɓa ta ba. Ƙawarta mai carbi ta jawo kujera bakin katanga tana sa mana albarka, tana kuma taya Inna kushe aikina. Filin ba shi da tsawo, mun gama kafin gumi ya gama keto mini, amma na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Faɗan nan nata ya fi mini duk wata gaisuwar ladabi da ta yi mini a watannin nan.

Aka zaunar da ita a dakali, aka wanke mata ƙafa. Hajiya ta shiga ɗaki ta fito da ƙwayoyin da kofin ruwa.

"Inna, an gama shuka," ta ce.

Inna ta dubi tafin hannunta, ta leƙa ƙoƙon da sauran gero a gindinsa, ta waiga wajen filin.

"To wannan ragowa ce ke nan," ta ce. Ta watsa a baki ta kora da ruwa, ta buɗe baki ta nuna wa Hajiya ba a ma tambaye ta ba, sannan ta ce a kawo mata tuwo, aiki ya sa ta yunwa.

Hajiya ta juya ta shige ɗaki da sauri. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ce mini in fitar mata da sungumin nan daga gida tun kafin ta canja ra'ayi.

Ban ce daga ranar komai ya tafi sumul ba. Akwai safiyar da Inna takan sake ƙullewa, sai an zaga da ita bayan ɗaki an nuna mata an riga an shuka, sannan ta sha. Hajiya ta mayar da hakan doka, magani sai bayan an gaida gona. Likita ya zo ya gwada, ya ce a ci gaba da yadda ake yi. Magini ya zo da buhun siminti a bayan keke, aka ba shi fura aka sallame shi.

Asabar ɗin da gero ya tsiro na same ta a tsugune a bakin filin, tana duba 'yan koren kunnuwan da suka huda ƙasa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ɗago ta ƙare mini kallo.

"Ke ce yarinyar da ta yi mini sara?"

"Ni ce, Inna."

"Layinki ya karkace. Duba can." Ta nuna da baki. Gaskiyarta, ya karkace. "Amma ba ki da ƙyuya. 'Yar gidan wa ce ke?"

Na faɗi unguwarmu. Ta gyaɗa kai kamar ta taɓa jin sunan wurin.

"To ki gaida uwarki. Ki ce na yaba, ta iya tarbiyya. Ki ce in ba za ta damu ba ta aro mini ke ranar noman firi."

Na ce, "Za ta ji, Inna. Ba za ta hana ba."

Ta koma kan geronta. Na miƙe na je na sami Hajiya mu yi cinikin yadda fartanya za ta shigo gidan.